Ƙiba da yadda ake auna ta

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. A kasuwar hatsi wannan magana gaskiya ce. Wajen jikin mutum kuwa, ido yakan ruɗi mai shi. In an ga jinjiri ɓul-ɓul sai a ce tubarkalla, ya sha nono ya ƙoshi. In an ga ɗan kasuwa da tumbi sai a ce ya ji daɗi. In an ga amarya ta ciko sai a ce gidan miji ya karɓe ta. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma ciwo ne ke tafe, ba a sani ba. Shi ya sa a gidan likita ba a tsayawa ga ido. Ana ɗaukar sikeli da metir, a auna, a yi lissafi. A wannan darasi za mu koyi yadda ake yin wannan awo, ga manya da kuma ga yara.

Mene ne kitse, mene ne ƙiba?

Kun san tozon raƙumi. Kitse ne ke cikinsa. In raƙumi ya samu kiwo mai kyau, tozonsa ya tashi. In ya yi doguwar tafiya cikin Tenere ba abinci, sai jikinsa ya riƙa cin wannan kitse, tozon ya kwanta. Tozo rumbu ne.

Mutum ma yana da irin wannan rumbu. Abincin da muka ci, tuwo ko hura ko shinkafa ko mai, shi ke ba mu ƙarfin tafiya da noma da daka da wasa. Abin da jiki bai yi aiki da shi ba, ba ya zubar da shi. Sai ya maida shi kitse, ya ajiye ƙarƙashin fata da kuma cikin ciki, kewaye da hanji da hanta. Wannan ajiya tana da amfani. Tana tsare mu daga sanyin hunturu, tana taimakon mutum in ya kwanta ciwo ya kasa cin abinci. Wanda ba shi da kitse ko kaɗan ba shi da lafiya.

Amma in kullum ana zubawa cikin rumbu, ba a ɗiba, me zai faru? Sai ajiya ta yi yawa har ta zama kaya. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS da Faransanci, ta ce ƙiba ita ce taruwar kitse a jiki har ya wuce kima, ya kai inda zai iya cutar da mutum. Ku lura da kyau, maganar kitse ake yi. Ba maganar girman jiki ba, ba kuma maganar kyau ko muni ba.

Kitse in ya yi yawa yana wahalar da zuciya. Yana jawo hawan jini da ciwon sukari. Yana cinye gwiwa, don ita ke ɗauke da kayan. Yana sa wasu mutane su riƙa shaƙewa cikin barci. Waɗannan cututtuka ba su zuwa rana ɗaya, a hankali suke shiga, shekara da shekaru. Amfanin awo ke nan, a gane tun da wuri.

Sikeli kaɗai bai isa ba

Ga mutum biyu. Kowanensu ya hau sikeli, allura ta nuna kilo 80. Na farko dogo ne, tsawonsa metir 1,90. Na biyu gajere ne, tsawonsa metir 1,55. Nauyinsu ɗaya, amma jikinsu ɗaya ne? A'a. Dogon yana da dogayen ƙasusuwa da tsoka mai yawa, kilo 80 bai yi masa yawa ba. Gajeren kuwa, ina ya ajiye kilo 80 ɗin nan? Ashe in ana son a san ko mutum ya yi ƙiba, sai an haɗa nauyinsa da tsawonsa.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljik, sunansa Adolphe Quetelet, shi ya fara neman hanyar haɗa su, wajen shekarar 1832. Shi ba likita ba ne, ba kuma ƙiba yake bincike ba. So yake ya san yadda jikin mutane ke girma. Ya duba awon mutane masu yawa, ya ga nauyin manya yana tafiya tare da tsawonsu in an ninka tsawon da kansa. Shekaru 140 bayan haka, a 1972, wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya gwada wannan lissafi, ya ga yana da sauƙi kuma yana nuna yawan kitse gwargwado. Shi ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Da Faransanci ana cewa indice de masse corporelle, a taƙaice IMC. Da Hausa muna iya cewa awon nauyi bisa tsawo.

Ga yadda ake yi. A ɗauki tsawon mutum da metir, a ninka shi da kansa. Sa'annan a raba nauyinsa, da kilo, da abin da aka samu.

Mu gwada da mutanenmu biyu. Dogon: 1,90 sau 1,90 ya ba da 3,61. In an raba 80 da 3,61 sai a samu 22,2. Gajeren: 1,55 sau 1,55 ya ba da 2,40. In an raba 80 da 2,40 sai a samu 33,3. Kun ga bambancin da sikeli ya ɓoye mana.

A nan ƴan makaranta suke yawan kuskure. Wani ya ninka tsawon sau biyu, maimakon ya ninka shi da kansa. Wani ya manta ya maida santimetir metir, sai ya samu wata lamba da ba ta da kai. Santimetir 160 metir 1,60 ne. Ku kula da waƙafi.

To me lambar ke nufi? Ga babban mutum, namiji ko mace, OMS ta yanke iyakoki kamar haka:

ƙasa da 18,5: rama, nauyi bai kai ba
daga 18,5 zuwa 24,9: daidai
daga 25 zuwa 29,9: nauyi ya zarce
daga 30 zuwa sama: ƙiba

Ita ma ƙibar hawa uku ce: daga 30, daga 35, da kuma daga 40 zuwa sama, wadda ta fi haɗari. Dogon mutuminmu yana daidai. Gajeren yana hawan farko na ƙiba.

Kada ku ɗauka waɗannan iyakoki katanga ce. Mai 24,9 da mai 25,1 jikinsu kusan ɗaya ne. An sa iyaka ne don likitoci na ƙasashe dabam-dabam su riƙa magana da baki ɗaya, su iya gwada ƙasa da ƙasa, bana da bara.

Inda lissafin ke kuskure

Ku tuna da ƴan kokowa. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, kowace jiha tana fitar da zaratanta su nemi takobi. Ku ɗauki ɗaya daga cikinsu, a misali, mai tsawon metir 1,80 da nauyin kilo 98. Lissafi zai ba da 30,2. Bisa jeren da muka gani, sai a ce yana da ƙiba. Amma ku dubi damtsensa da cinyoyinsa. Tsoka ce, kuma tsoka ta fi kitse nauyi. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ƙashi ba. Duka tare yake ɗauka.

Akwai kuma akasin haka. Tsoho wanda tsokarsa ta zube, ƙafafunsa sirara, amma ga tumbi a gaba. Lissafinsa yana iya nuna 24, a ce masa lafiya lau, alhali kitse ya cika masa ciki. Mace mai juna biyu ma ba a yi mata wannan lissafi, don nauyin mutum biyu ne ke bisa sikeli. Kuma an lura mutanen ƙasashen Asiya da yawa, kamar Indiya, sukan kamu da ciwon sukari tun lambarsu ba ta kai 25 ba, shi ya sa can ake sa ido tun daga 23.

Saboda haka ake ƙara wani awo, awon ƙugu. Kitsen da ke cinya da ɗuwawu bai kai na ciki haɗari ba. Na ciki shi ne mugun, don yana kusa da hanta, shi ke saurin kawo ciwon sukari da ciwon zuciya. Ana auna shi da metir ɗin tela. Mutum ya tsaya, ya ɗaga riga. A laluba ƙarshen haƙarƙari, a laluba kan ƙashin kwatangwalo, a zagaya metir a tsakaninsu, wajen cibiya. Ya saki numfashi, kada ya shanye ciki, kada kuma a matse shi. Namiji in ya wuce santimetir 94 sai a yi hattara, in ya wuce 102 haɗari ya yi yawa. Mace kuwa 80 ne da 88.

Akwai wata dabara da ba ta bukatar ko metir. A samu igiya, a yanke ta daidai tsawon mutum, daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai. A ninke ta biyu. In ninkakkiyar igiyar ta zagaye ƙugunsa, to lafiya. In ta kasa, kitsen ciki ya yi yawa. Wato ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Ɗan kokowarmu, in ƙugunsa santimetir 88 ne, bai kai rabin 180 ba. Igiya ta wanke shi.

A watan Janairu na 2025, wani taron masana daga ƙasashe da yawa ya fitar da shawara a mujallar likitoci mai suna The Lancet Diabetes & Endocrinology. Suka ce a daina dogara ga IMC shi kaɗai, a haɗa shi da awon ƙugu. Suka kuma raba ƙiba gida biyu: wadda ta riga ta taɓa lafiyar mutum, kamar ta hana shi numfashi sosai ko ta kama masa gwiwa, da wadda ba ta kai ga haka ba tukuna. Wannan magana ce mai ma'ana, don likita mutum yake dubawa, ba lamba ba.

Awon yara dabam yake

Yanzu mu zo kanku. Babba ya gama girma, tsawonsa ya tsaya. Yaro kuwa kullum jikinsa cikin sakewa yake. Jinjiri ɗan wata shida yana da kumatu da gwaɓi-gwaɓin cinya, kuma haka ya kamata ya zama. In ya fara tafiya sai ya riƙa miƙewa, kitsen na raguwa. Wajen shekara biyar zuwa shida lambarsa takan kai ƙarshen saukarta. Daga nan ta riƙa hawa a hankali har ya balaga. ƴan mata da ƴan maza kuma ba su girma daidai da juna. Don haka iyakar 25 da 30 ba ta yara ba ce. Dole a san shekarun yaro, a san ko namiji ne ko mace, sa'annan a gwada shi da tsaransa.

Da waɗanne yara za a gwada shi? Tsakanin 1997 da 2003, OMS ta bi girman yara kusan 8.500 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Ta zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, iyayensu mata ba su shan taba, kuma suna zaune a gidajen da ba a rasa abinci da magani ba. Abin da aka gani abin mamaki ne. Ɗan Gana da ɗan Norwe, in sun samu kulawa iri ɗaya, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne. Ashe abinci da lafiya su suka fi raba girman ƙananan yara, ba launin fata ba. Daga wannan aiki aka zana taswirar girma ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. A 2007 aka fitar da wata ta ƴan shekara 5 zuwa 19.

In kun taɓa raka ƙanenku wajen awo, kun ga irin wannan zane a katin lafiyarsa. Layuka ne masu lanƙwasa, suna hawa daga hagu zuwa dama. Na tsakiya shi ne sifili, nan ne tsakiyar yara masu lafiya. Sama da shi akwai layi na 1, na 2 da na 3. Ƙasa da shi ma haka. Ma'aikacin likita yana ɗiga alama inda awon yaron ya faɗa.

Ga ƴan ƙasa da shekara biyar, nauyi ake gwadawa da tsawo. In ɗigon ya haye layi na 2 na sama, nauyi ya zarce. In ya haye na 3, ƙiba ce. Ga ƴan shekara 5 zuwa 19, sai a yi lissafin IMC kamar na manya, a kai shi kan taswira daidai shekarun yaron. A nan in ya haye layi na 1 nauyi ya zarce, in ya haye na 2 ƙiba ce.

Mu ɗauki ƴan shekara goma, tsaran wasunku. Ga namiji, tsakiya 16,4 ce, layi na 1 yana kan 18,5, layi na 2 yana kan 21,4. Ga mace, tsakiya 16,6 ce, layi na 1 yana kan 19,0, layi na 2 yana kan 22,6.

Ga yaro namiji ɗan shekara goma, tsawonsa metir 1,35, nauyinsa kilo 30. Ninka 1,35 da kansa, ka samu 1,82. Raba 30 da 1,82, ka samu 16,5. Yana kan tsakiya sosai. Amma da an duba jeren manya, da an ce ya rame, don bai kai 18,5 ba, a tayar wa uwarsa hankali a banza. Ga kuma wani, tsawonsu ɗaya, amma nauyinsa kilo 40. Lissafinsa ya kusa 22. A jeren manya sai a ce daidai yake. A taswirar yara kuwa ya haye 21,4, ya shiga ƙiba. Mudun manya ba ya awon yara.

Awo ɗaya kuma ba ya faɗin komi. Abin da likita ya fi dubawa shi ne hanyar da ɗige-ɗigen ke bi daga wata zuwa wata. Yaron da ke bin layinsa yana hawa a hankali lafiya yake girma. Wanda ya tsallake layi biyu cikin ɗan lokaci, sama ko ƙasa, shi ake bincika.

Kumburi ba ƙiba ba ne

Wannan magana ku riƙe ta da kyau, ku kai ta gida. A ƙasarmu tamowa ta fi ƙiba kama yara nesa ba kusa ba. Akwai wata irin tamowa da ke sa ruwa ya taru a jikin yaro. Ƙafafunsa su kumbura, fuskarsa ta cika, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a 1933 a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma da sunan da mutanen can ke kiransa aka san shi a duniya: kwashiyorko. Sikeli na iya nuna yaron ya ƙara nauyi, kaka ta ce jikanta ya yi ƙiba. Ruwa ne. Ga yadda ake ganewa: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. In rami ya zauna inda aka danna, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe. Kitse ba ya barin rami.

Ɗan metir mai launi uku da ake zagaya wa a damtsen yara, kore da rawaya da ja, shi ma na neman tamowa ne ga ƴan wata 6 zuwa 59. Ja yana nufin damtsen bai kai milimetir 115 ba. Ba a auna ƙiba da shi.

To in haka ne, me ya sa muke koyon awon ƙiba? Don ita ma ta iso. OMS ta ƙidaya cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. Daga 1990 zuwa 2022, rabon manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu, na matasa kuma sau huɗu. Da can ana cewa ciwon ƙasashen masu arziki ne. Yanzu ya shigo biranen Afirka. Mutumin da ya bar gona ya zauna shago a Yamai ko Maraɗi, zuwa ko'ina sai bisa babur, ga lemun kwalba, ga shayi mai sukari sau uku a yini, ga soye-soye, jikinsa ba ya ƙone abin da yake ci. Har akan samu gida ɗaya, uwa tana da ƙiba, ɗanta yana da tamowa. Akwai kuma masu sayen ƙwayoyi a tebur don su yi jiki, irin waɗanda ake kira sha ka fashe. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan ruwa suke tarawa a jiki, su kumbura fuska, su kawo hawan jini da ciwon sukari.

Ba kuma kowace ƙiba ce daga yawan ci take ba. Akwai gado, akwai wasu cututtuka, akwai magungunan da ke sa ta. Saboda haka in mun yi awo a aji, ba a yi wa kowa dariya, mai jiki ne ko siriri. Lambar kowa tasa ce, shi da malam da iyayensa.

Mu auna da kanmu

Malam zai aro sikeli daga likita. Ku nemi bango madaidaici da daɓe mai kyau, ku kafa metir ɗin tela a jikinsa, sifili yana taɓa ƙasa. Wanda za a auna ya tuɓe takalmi da hula ko ɗankwali. Diddige da ɗuwawu da kafaɗu da ƙeya su taɓa bango, ido na kallon gaba. A ɗora littafi mai kauri bisa kansa, gefensa manne da bango, a karanta lambar da ke ƙarƙashin littafin. Ku yi awon da safe, don mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimetir ɗaya. Kafin a hau sikeli a tabbata allura tana kan sifili. A ajiye jaka, a zazzage aljihu. Kowa ya rubuta nasa a littafinsa, da ranar da aka yi awon. Bayan wata uku za mu sake.

Tambayoyi da aiki

1. Wata mata tsawonta santimetir 160, nauyinta kilo 64. Nawa ne IMC ɗinta? In ta kai kilo 80 fa, a wane hawa take?
2. Wani mutum tsawonsa metir 1,70. Ƙugunsa bai kamata ya kai santimetir nawa ba?
3. Yarinya ƴar shekara goma, lissafinta ya ba da 20. Tsakanin waɗanne layuka take? Da babbar mace ce, me za a ce?
4. Don me ba a yarda da sikeli kaɗai wajen ɗan kokowa?
5. Ku tambayi kakanninku abin da yara ke ci tsakanin kalacin rana da na dare a zamaninsu. Ku rubuta shi a gefe ɗaya na takarda, ku rubuta abin da ake sayarwa a ƙofar makarantarku a ɗaya gefen, da Hausa da Faransanci, ku zo da shi ranar Litinin.